Akwati ko itace: yadda za ka tanadar wa tsuntsaye wurin sheƙa a Tahoua

Akwatin farko da na rataya wa tsuntsaye da gwangwanin man girki na yi shi. Na huda masa ƙofa, na shafa masa koren fenti don ya yi kyau, na kafe shi a jikin katangar gidanmu ta yamma, inda nake hangensa daga kan tabarma. Cikin watan Mayu ne. Gwara biyu suka karɓi tayin, suka yi ta jigilar ciyawa da gashin kaji, har na fara jin kukan 'ya'ya. Ran nan da la'asar sai na ga uwar tana ta kewaya baki buɗe, ta ƙi shiga. Na hau tsani, ina taɓa gwangwanin na janye hannu. 'Ya'ya uku ne a ciki, duk sun mutu. Kyanwa ba ta zo ba, maciji bai zo ba. Ni na gasa su.

A cikin wannan makon dai, a aduwar bayan gida wadda ban taɓa yi wa komai ba sai zagi in ƙayarta ta soke ni, wata kurciya ta tashi da 'ya'yanta biyu lafiya lau daga kan 'yan tsinkayen da ba su cika tafin hannu ba.

Kyawawan akwatunan da muke gani a Facebook daga Faransa da Jamus suke, inda damuwar tsuntsu sanyi ce da ruwa. Mu a Adar, wato yankin Tahoua, damuwarsa rana ce. Akwati yana da amfani a nan, amma ga tsuntsaye kaɗan, kuma sai an yi shi da dabara. Ga yadda nake bi yanzu, daki-daki.

Mataki na farko: zauna ka yi kallo

Kafin ka nemi kafinta, ba kanka mako biyu. Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma gab da magariba, lokacin ne tsuntsu ya fi kai da kawowa. Duk wanda ka gani da tsinke ko ciyawa a baki, bi shi da ido har inda ya sauka. Abu guda kake son sani: masu zuwa gidanka ko garkarka 'yan reshe ne ko 'yan kogo?

'Yan reshe su suka fi yawa, kuma ba ruwansu da akwati ko na zinariya ne. Kurciya tana cikinsu. Haka kabare, wanda ke saƙa sheƙarsa da ɗanyar ciyawa ya rataye ta a can ƙarshen siririn reshe, inda maciji sai ya yi da gaske kafin ya kai. Belbela a taro take sheƙa, itace guda ya yi fari fat. Shamuwa, wadda ke iso mana daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ƙirare take tarawa a kan kuka ko gawo ko tsamiya a tsakiyar gari, kuma in ba a sare itacen ba nan za ta dawo baɗi. Ungulu dogon itace take so, ƙwai ɗaya tak take yi cikin rani, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Akwai ma wata tsattsewa da ke manna 'yar sheƙarta da yawu a ƙarƙashin ganyen giginya ko goriba, sannan ta manne ƙwan a jikin sheƙar don kada iska ta zubar. Wane kafinta zai ƙera mata wannan?

'Yan kogo su ne gwara, alhudahuda, tsanwaka, tsirya, carki, cilakowa, mujiya da wasu daga dangin shaya. Maƙwaƙƙwafi ne mai sassaƙa nasa da bakinsa, sauran gado suke ci: ramin da ya bari, ko gurbin reshen da ya karye ya ruɓe. Irin wannan kogon kuwa ba ya samuwa a ƙaramin itace, sai wanda ya kwashe shekaru masu yawa. Farin 1973 da na 1984, tare da gatarin masu neman itacen girki, sun tafi da tsofaffin itatuwa da yawa a ƙasar Adar. Abin da aka dasa daga baya, kamar layukan bedi na kare iska da aka fara a kwarin Majiya a 1975, ko dashen aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da ya kankama a 1984, ya ba da inuwa da rassa, amma kogo yana zuwa ne da tsufa. Wannan giɓin kaɗai akwati ke cikewa.

In ka gama kallonka ka ga duk baƙinka 'yan reshe ne, ka huta da sayen katako. Aikinka yana ga itace.

Mataki na biyu: itacen da ke tsaye

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma mafi yawansa hana hannu ne.

Fara da lokacin sara. Daga Yuni zuwa Oktoba yawancin ƙananan tsuntsaye ke kan ƙwai ko kan 'ya'ya, domin lokacin ne ake samun fara da tsutsa da za su ciyar da su. In reshe ya dame ka, haƙura har bayan girbi. Ko a lokacin ma ka ɗaga kai ka duba kafin ka ɗaga adda, don tsirya da ungulu cikin sanyi da rani suke nasu, kurciya kuwa kusan ba ta da hutu. Makiyayin da zai sassabe wa bisashensa gawo a gonarka, ka roƙe shi ya bar kan itacen da manyan rassa. Ka tuna kuma gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar, ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Sai ƙaya. Abin da muke ƙi a jikin aduwa, magarya, kurna, bagaruwa da kandili shi ne abin da tsuntsu ke nema. Kyanwa ba ta son kutsawa cikin magarya, hankaka mai satar ƙwai ba ya samun wurin sauka, yaro ma sai ya yi tunani sau biyu. Mu kuwa mun saba da aske itace tas daga ƙasa har ya zama kamar lema, don a sami wurin shimfiɗa tabarma. Yi hakan ga bedin ƙofar gida, ba laifi. Amma ka bar magarya ɗaya a kusurwa ta yi duhu yadda take so, rassanta har ƙasa.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi yi mini gardama a kai: mataccen itace da mai kogo. Ido yana ganinsa a matsayin itacen girki da aka manta ba a kwashe ba. Akwai wata tsohuwar ɗanya a gonar kawuna wadda rabinta ya bushe, na ce masa mu sare ta kafin wani ya riga mu. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, bar iccen nan. Akwai mai jego ciki." Na zaci wasa yake. Sai da ya nuna mini wata 'yar tsaga a jikin itacen, faɗinta bai fi yatsa ba, kewaye da busasshiyar laka. Cilakowa ce. Macen kan shiga kogo ta liƙe ƙofar da laka da kashinta, ta bar tsagar da baki kaɗai zai wuce, namijin yana kawo mata abinci. A ciki take zubar da gashin fiffikenta, ta zauna kusan wata ɗaya da rabi kafin ta fasa ta fito. In ka kayar da itacen a wannan tsakanin, ba ƙwai kaɗai ka kashe ba, har da uwar, don ba ta iya tashi. Saboda haka in mataccen itace ba ya barazanar faɗo wa ɗaki ko hanya, bar shi. In dole ne, a rage masa kai a bar kututturen da ya kai mita 3 ko 4.

Belbela kuma, na sani, in ta mamaye itacen tsakar gida akwai wari da ƙazanta, kuma uwargida ba za ta yi shiru ba. Kada a sare rassan da 'ya'ya a kai. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙarƙashi, a riƙa sharewa ana kai wa garka, taki ne mai ƙarfi. In sun tashi bayan damina sai a rage rassan, baɗi su nemi wani wuri.

Mataki na uku: ƙara itace

Hanya mafi sauri ba dashe ba ce. Kututturen sabara, kalgo, geza ko magarya da ke tohowa a gona kowace shekara yana da tsohuwar saiwa mai zurfi a ƙasa. Maimakon a sassabe shi duka, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a cire sauran. Wannan ne sassaben zamani da ya bazu daga yankin Maraɗi tun 1983, lokacin da wani masanin noma, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma a kansa, kuma shi ya mayar da itatuwa miliyoyi cikin gonakin Nijar. Abin da zan ƙara don tsuntsaye shi ne, a bakin iyakar gona ka bar wasu kututturan ba gyara, su yi cunkus.

In dashen za ka yi, ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da taurin ɓawo: zuba musu ruwan zafi su kwana a ciki, ko ka tsinci waɗanda suka bi ta cikin akuya a turke. Haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 40, ka haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. A fako, yi masa rabin wata ko tassa, wato ramukan nan na tara ruwan sama, su tare masa ruwa. Ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itace a ƙasar nan tun 1975, amma a Tahoua, inda damina gajeriya ce, ni na fi son in dasa cikin Yuli da zarar ƙasa ta jiƙu sosai, ranar bikin kuma in je in duba. Sannan kariya. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ko tubali ba, sadaka ce aka yi wa awakin unguwa.

Mataki na huɗu: in akwatin ya zama dole

Ƙwai yana son zafin da bai wuce digiri 37 zuwa 38 ba. In ya daɗe sama da digiri 40 da rabi, ɗan da ke ciki ya mutu. A Tahoua kuwa cikin Afrilu da Mayu, inuwa kanta tana haura 40. Kogon itace mai rai yana da kaurin jiki da danshi, shi ya sa yake jinkirin ɗaukar zafi. Siririn katako a rana ba shi da ko ɗaya. Ko a Fotugal, da ba ta kai mu zafi ba, masu bincike sun ga 'ya'yan wani ƙaramin shaho suna mutuwa cikin akwatunan katako a ranakun tsananin zafi. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, yaƙi da zafi ne.

Abin da ba a yi da shi: gwangwani, kwanon rufi, bidon roba, da siririn katakon nan da ake mannawa falle-falle, wanda ke ɓarewa da ruwan farko.

Abin da ya fi katako, in kana da hali, laka ce. In kana ginin katanga, sa magini ya bar rami a jikinta ta fuskar kudu ko arewa, sama da mita 2 da rabi daga ƙasa, zurfinsa da faɗinsa kamar santimita 20, a rage bakin da laka ya zama ƙaramar ƙofa, a yi wa ƙasansa yaɓe mai santsi don ɓera. Gwara da alhudahuda da tsanwaka dama suna shiga ramukan gini. Na biyu shi ne tulu. Masu kiwon tantabara sun daɗe da sanin wannan. Je wurin mai ginin tukwane ka ce, "Inna, tulu nake so mai kauri, bakinsa ƙarami, a huda masa gindi wuri huɗu kafin a gasa." Za ta yi maka dariya, amma za ta yi. Gora ma tana yi, a Amurka akwai wata tsattsewa da aka daɗe ana rataya wa goruna, sai dai ɓawonta siriri ne, sai cikin inuwa mai duhu, kuma da wuya ta wuce damina biyu.

In katakon ne, nemi falanki mai tsawon mita 2, faɗin santimita 20, kauri aƙalla santimita 2. Tsoho ma ya yi, in dai ba a jiƙa shi da magani ba. A yanka shi haka: baya santimita 45, gaba 30, gindi 16, rufi 28. Gefuna biyu daga guntu ɗaya mai 63 ake fitar da su, a raba shi a karkace, kowane ya zama 33 ta baya, 30 ta gaba, don rufin ya gangaro. Gefunan suna shiga tsakanin gaba da baya, sai cikin ya tashi 16 a 20. Guntun da ya rage kada a yar, yana da aiki.

Ƙofa ita ke zaɓar mai gida. Santimita 3 da rabi ta gwara ce. Santimita 5 zuwa 6 ta ishi shaya, alhudahuda da tsanwaka. Cilakowa tana son 6 zuwa 7, da akwatin da ya fi wannan zurfi, kamar 45, ita za ta rage ƙofar da kanta. A huda ƙofar a sama, a bar kamar santimita 18 tsakanin bakinta na ƙasa da gindin akwati, don hannun kyanwa kada ya kai ga 'ya'ya. Guntun nan da ya rage, a huda shi daidai da ƙofar a ƙusance shi a kanta ta waje, ƙofar ta zama 'yar zurfafa. Ta ciki kuma, a karce katakon gaba da zarto layi-layi, nan 'ya'ya za su kafa ƙafa ranar fita.

Kafinta zai so ya sa 'yar sanda a bakin ƙofa, don haka ya gani a hoto. Hana shi. Tsuntsun kogo ba ya bukatarta, hankaka da ƙadangare ne za su ji daɗinta. Zai kuma so ya shafe shi da baƙin man mota saboda gara. Wannan ma hana shi: baƙi yana jan zafi, warin kuma yana cutar da 'ya'ya. Nawa kafintan da na hana shi duka biyun cewa ya yi, "Mushe (wato malam), to mi ya rage na gwaninta?" Abin da ya rage shi ne iska. A huda ramuka uku ko huɗu masu faɗin ɗan yatsa a saman kowane gefe, dab da rufi, da wasu huɗu a gindi don ruwa ya tsiyaye. A kama rufin ta baya da guntun robar taya yadda zai buɗu, a ɗaure gabansa da waya. Sannan a yi masa rufi na biyu: 'yan katakai biyu masu kaurin santimita 2 ko 3 a kan rufin farko, a ɗora wani katako mai faɗi ko guntun zana ko tabarmar kaba a kai, ya zarce ta kowane gefe. Iskar da ke wucewa tsakanin rufin biyu ita ce rabin maganin. Waje a shafa farar ƙasa. Ciki kada a shafa komai, sai dai a goga busasshen sabulu a ƙarƙashin rufi, yana hana rina kafa gidanta. A zuba ɓawon itace ko askin katako cikin tafi biyu a gindi. Kada a sa auduga ko zare, suna naɗe ƙafar 'ya'ya.

Mataki na biyar: inda za a rataya

Akwati mai kyau a mugun wuri gwangwanina ne ya dawo. Wurinsa jikin itace mai rai, cikin inuwar da ba ta gushewa daga hantsi har la'asar sakaliya.

A nan akwai tarkon da na faɗa sau ɗaya. Na rataya akwati a gawo cikin Maris, inuwa luf. Damina na sauka gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba, akwatin ya tsaya tsirara a rana daidai lokacin da ake bukatarsa. Gawo uban gona ne, shamuwa ma tana son sa, amma ba wurin akwatin damina ba ne. Bedi, tsamiya, mangwaro da aduwa su ne masu riƙe ganye.

Littattafan Turai za su ce ka fuskantar da ƙofa gabas. Kada ka bi. Dubi katangun garinmu ka ga wace fuska ruwa ya fi ci: hadarinmu daga gabas yake tasowa, da ƙura da iska a gabansa. Yamma kuma ita ce ranar la'asar da ta kashe mini gwara. Saura kudu da arewa. Rana tana bi ta tsakar kanmu a farkon Mayu da kuma wajen tsakiyar Agusta, tsakanin nan tana ɗan karkata arewa, don haka ga masu sheƙar damina kudu ta fi. Ka ɗan sunkuyar da akwatin gaba kaɗan don feshin ruwa.

Tsayi mita 3 zuwa 4, inda yaro ba zai kai da sanda ba. Kada ka buga ƙusa a jikin itace. Zura waya cikin guntun tsohon tiyo ka ɗaura, kowace shekara ka sassauta don itacen yana ƙiba. A bar sarari a gaban ƙofa, kada wani reshe ya zo dab da ita ya zama gadar ɓera. Gwara ba ta ƙin maƙwabta, amma sauran a raba su da taki ashirin ko fiye.

Ka gwada kafin mai gida ya tare. Tsakanin azahar da la'asar, hau ka sa hannu ciki, sannan ka dafa jikin itacen ta gefen inuwa. In cikin akwatin ya fi jikin itacen zafi sosai, sauya wuri. In kana shakka, toshe ƙofar da tsumma har ruwan farko ya sauka.

Mataki na shida: masu kai hari

A kewaye jikin itacen da falon kwano mai santsi, faɗinsa kamar santimita 60, a sama da tsayin mutum amma ƙasa da akwatin. Kyanwa da ɓera da guza suna zamewa a kai, maciji ma yana shan wuya. Wannan yana aiki ne in rassan itacen ba su taɓa katanga ko wani itace ba. In ba kwano, ɗaura rassan ƙaya. Zuma kan kama akwati, kuma in ta kama kada ka yi gardama da ita, kira mai amya.

Babban mai kai hari dai ɗan mutum ne da danƙonsa. Tsawa ba ta yi mini aiki ba. Abin da ya yi shi ne na naɗa wanda ya fi kowa iya harbi a unguwar sarkin tsaron akwatin, shi ke zuwa ya ba ni labarin sau nawa uwar ta shiga da tsutsa. Na kuma ba su labarin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a kan tafiya, ta zo tana karkaɗa fiffike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata. In yara sun kawo maka ɗan da ya faɗo, a mayar da shi sheƙa. Zancen cewa uwa za ta ƙi shi don ta ji warin hannu ba gaskiya ba ne.

Ajiye kasko da ruwa a inuwa, zurfinsa kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, da dutse a tsakiya, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. A zubar a sake kowace rana saboda sauro. Cikin bazara wannan kaskon ya fi akwati goma jan tsuntsaye.

Maƙwabcina ya taɓa leƙowa ta katanga ya ce, "Mushe, ɓarayin hatsi kake kiwo?" Tambaya ce mai kyau. Janbakin da ke cinye gona ba ya shiga akwati, a dubbai yake sheƙa cikin ƙayar daji. Gwara tana taɓa hatsi, ban musa ba, amma 'ya'yanta da ƙwari take ciyar da su, alhudahuda da tsanwaka da cilakowa kuwa fara da tsutsa ne abincinsu. A ƙasar Sin an yi gangamin kashe gwara a 1958 don ceton hatsi, ƙwari suka yi yawa, a 1960 aka janye ta daga jerin abokan gaba.

Maganar mujiya

Na san abin da ake faɗa a kanta, kuma ba zan ce kowa ya kai ta tsakar gidansa ba. Amma ga mai garka ko rumbuna a bayan gari, farar mujiyar nan mai fuska kamar faranti ita ce ta fi kowane tsuntsu biyan kuɗin akwatinta. Guda ɗaya tana cin ƙananan ɓeraye uku ko huɗu a dare. Manoma a Isra'ila sun fara kafa mata akwatuna a gonaki tun 1983, a Malesiya ma haka ake yi a gonakin kwakwar manja. Nata babba ne: gindi kamar santimita 45 a 45, ƙofa 12 zuwa 13, zurfi daga ƙofa zuwa gindi 45 don 'ya'ya kada su faɗo tun ba su yi fiffike ba. A sa shi sama da mita 4, cikin babban itace mai duhu ko cikin tsohon ɗakin ajiya da ba a kwana. Sharaɗi guda: in ka gayyace ta, ka daina zuba maganin ɓera, don ɓeran da ya ci guba ita zai kashe. Ka kuma sanar da maƙwabtan garka tun da wuri, kada wani ya ji kukanta da dare ya zo da wuta.

Mataki na ƙarshe: dubawa da shara

In an tare, rage hawa. Daga ƙasa za ka san komai: jigilar ciyawa gini ne, shiru da zaman ɗaya a ciki kwanci ne, jigilar tsutsa ƙyanƙyasa ce. In dole ka leƙa, sau ɗaya a mako ya isa, da sanyin safiya, ka rufe da sauri. Akwatin cilakowa kuwa ba a buɗe shi sam in ta liƙe.

Shara sau ɗaya ce a shekara, wajen Disamba, bayan ka yi kwanaki kana kallo ka tabbata ba kowa. Ƙwanƙwasa da sanda tukuna, ka buɗe rufin fuskarka a gefe, don kunama da maciji ma suna son ɗakin da ba haya. Kwashe tsohuwar sheƙa ka ƙone, zuba tafasasshen ruwa ya kashe ƙuma, bar shi ya bushe a buɗe. Kada ka fesa maganin sauro. Duba inda gara ta ci, sabunta farar ƙasa da zanar rufi, sassauta waya.

Kada ka yi fushi in shekarar farko ba wanda ya shiga. In damina biyu ta wuce yana nan wayam, wurin ne bai yi ba. Cikin biyar da nake da su yanzu, gwara na cikin biyu, tsanwaka ta yi damina ɗaya a na uku, zuma ta ƙwace na huɗu na bar mata. Na biyar wani jan gwada ne ke kwana a ciki, kullum da hantsi yana leƙo kai yana yi mini gyaɗa. Shi zan sauke bayan sallah in mayar kan tsamiyar maƙwabcina, in ya yarda.